Namadi da Silin Gashin da Ya Koma Ciki

Namadi taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, shi yana ce mata Goggo, ni ina ce wa ubansa Kawu. Saboda haka tun muna yawo ba wando aka halatta mini tsokanarsa, ni kuwa ban taɓa barin wannan dama ta kwana a banza ba. Ina kiransa bawana, ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, bai taɓa ramawa ba.

Duk Bagudo, har ka dangana da bakin iyaka, babu mai kunya kamar Namadi. Uwarsa Bafulatana ce daga wajen Kaoje, mutane suna cewa a nono ya sha, amma na san dangin uwar tasa, ko su cewa suke tasa ta yi yawa. Namadi yana yi wa ɗakinsa sallama ko ya san ba kowa a ciki. Ba ya cin abinci a kasuwa. In tari ya taso masa cikin mutane, riƙe shi yake har ya koma gida. To, wannan na ƙarshen na ɗan ƙara, amma sauran ku tambayi kowa.

Sana'arsa kabu-kabu ce a kan hanyar Tsamiya, ranar kasuwa kuma yakan tsallaka har Segbana a ƙasar Benin. Matan da ke fataucin man ja da gari su ne manyan fasinjojinsa. Ya karkatar da madubin babur ɗinsa duka biyu suna kallon ƙasa, don kada idonsa ya haɗu da na wadda ya ɗauka. In mace ta hau, sai ya matsa gaba har ya hau tanki, ya bar filin da za a iya shanya barkono a tsakaninsu. Mazajen ma in za su tura matansu kasuwa cewa suke, "In ba ki samu Namadi ba ki dawo gida."

Shekara biyu da suka wuce ya auri Ni'ima, ɗiyar Malami wanzami na Matsinkai. Yadda aka yi ya buɗe baki ya ce yana sonta, har yau bincike nake. Malami kuwa dattijo ne da ya yi wa rabin mazan yankin nan kaciya, sauran rabin ya yi musu ƙaho. Tun ranar da ya zama surukin Namadi, in Namadi ya hango shi a hanya sai ya kashe babur, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya taɓa yin haka cikin taɓo da damina, da buhun shinkafa a baya. Sunan Ni'ima ma ba ya faɗa, sai dai "mutanen gida".

Abin da zan faɗa yanzu daga baya na ji shi, daga bakin Namadi, da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori.

Wata rana bayan la'asar malam ya yi karatu a masallacin unguwarmu a kan tsabtar jiki, ya ce kada mutum ya wuce kwana arba'in bai kawar da gashin hammata da na mara ba. Kowa ya ji, kowa ya ci gaba da yi kamar yadda ya saba, wata ɗaya ko mako uku. Namadi ya koma gida ya yi nasa tunanin. In arba'in ce iyaka, ai mai tsoron Allah ba ya matsawa kusa da iyaka. Sai ya mayar da abin duk Juma'a. Daga baya ya ƙara da Litinin.

Ba yawan askin kaɗai ba ne matsalar, yadda yake yin sa ne. Ba zai iya zuwa shago yana sayen reza a kai a kai ba, don mai shago zai gane abin da ake yi da ita. Saboda haka reza ɗaya yake riƙewa wata da watanni, in ta dakushe ya goga ta a cikin kofin gilashi. Ba zai shiga bayi da ruwan ɗumi ya daɗe ba, don Ni'ima za ta gane. A bushe yake yi, a tsaye, cikin sauri. Kuma ba ya dubawa. Na rantse wannan ban ƙara ba: sama yake kallo, yana kankarewa daga ƙasa zuwa sama, ta inda gashin bai kwanta ba, har sai ya ji fata ta yi sumul. In ya gama, sai ya yi abin da 'yan kabu-kabu ke yi wa kowane rauni, ya zare tiyon mai ya ɗiga fetur a tsumma ya shafa, wai yana kashe ƙwayar cuta. Sannan ya sa matsattsen wando, ya hau kujerar babur ɗin da rana ta gasa, ya kama hanyar Tsamiya da ramukanta, cikin zafin bazara.

Da farko ƙananan ƙuraje suka feso, masu ƙaiƙayi. Namadi ya ce rashin tsabta ce, ya ƙara aski a kansu. Sai ɗaya daga ciki, a can matsematsi, ya ƙi tafiya. Ya kumbura, ya yi tauri, ya fara zogi. Namadi ya koma zama a gefe ɗaya na kujera. Tafiyarsa ta zama ta mai ɗauke da tulu tsakanin ƙafafu. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, ya ce wa Ni'ima zafi ya yi yawa a ɗaki. Ya fara wanke wandunansa da kansa.

Surukinsa wanzami ne, da zai gama da wannan abu kafin shayi ya huce. A garinmu akwai asibiti, akwai masu kemis. Amma duk sun san shi, wasu ma ya sha ɗaukar matansu. Sai ya yanke shawarar neman magani inda ba a san fuskarsa ba.

Ranar kasuwar Segbana na tsallaka sayo gari. Ina ratsawa ta layin masu magani, sai na ga wani mutum ya naɗe fuska da rawani, ido kawai a waje, cikin wannan zafi, yana tsaye a teburin mai lasifika, wanda ke yini yana shelar maganin ciwon sanyi da sauran cututtukan da maza ke kwasowa a yawo. Mai maganin yana tambayarsa, shi kuma yana nuna ƙasa da haɓa. Aka ƙulla masa jan kafso a leda ya cusa a aljihu. Da ban gane shi ba. Amma a gefe ga babur a jingine, madubansa biyu suna kallon ƙasa.

Ban yi masa magana ba. Da na yi, da labarin nan bai kai haka ba. Na riƙe abin a bakina kamar alewa har na dawo gida.

Washegari da safe na je teburin Sufyan mai shayi, inda 'yan kabu-kabu ke taruwa kafin su fita. Namadi bai zo ba, ya kwana biyu ba ya zuwa.

"Ina bawanka, Ɗanliti?" in ji Sufyan. "Ko ya daina shan shayi don kada a ga maƙogwaron shi na motsi?"

"Bawana shina jinya," na ce. "Tsaraba ya yo daga ƙetare."

"Wace irin tsaraba?"

"Irin wadda ba a sa wa a buhu."

Aka yi dariya, aka matso. Ni kuwa in na ga an matso, wani abu ke hawa kaina. Na faɗi rawanin, na faɗi mai lasifika, na faɗi jan kafso. Wannan duk gaskiya ne. Sai wani ya ce, "Namadi hwa? Wanda ba ya iya kallon akuya in mace ta?" Don kada labarin ya mutu a hannuna, sai na ƙirƙiro mace. Na ce wata Badendiya ce, 'yar ƙabilar can ƙetaren, mai sayar da kunu a bakin kasuwa, doguwa, mai wushirya. Na ce in ya je can madubin nan duka biyu miƙewa suke yi su kalli sama. Sufyan ya yi dariya har ya zubar da madara. Na sha shayi na tafi harkata, ina jin daɗin kaina.

Kafin kwana uku Badendiyar ta samu suna, ta samu ɗaki kusa da tasha, har wani ya rantse ya taɓa shan kununta. Matan man ja suka fara wuce Namadi suna hawa wasu babura. A bakin famfo labarin ya iske Ni'ima. Ita kuwa tana da nata abin da ta gani: miji ya ƙaura zaure, yana wanke wando a ɓoye, yana tafiya a tale, ga jan kafso a aljihun riga.

Ta same shi a zaure bayan azahar. Ita ta gaya wa uwata yadda suka yi.

"Malam, abin da aka hwaɗi, gaskiya na?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce min ƙarya ta, in yarda. Kalma guda nika so."

Namadi ya buɗe baki. Amma in ya ce ƙarya ce, tambaya ta gaba ita ce, to mene ne? Kuma amsar tana wurin da bai taɓa ambata da bakinsa ba. Sai ya ce, "Ki yi haƙuri."

Kafin la'asar ta ɗaure kayanta ta hau mota zuwa Matsinkai.

Uwata ce ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Kai ka ga macen da idonka?"

"Inna, wasa na. Taubashina na hwa."

"Wasan taubashi gaban shi aka yin shi, ya ji, ya rama in shina iyawa. Kai ka tai bayan shi ka yi, gaban mutanen da ba su haɗa komi da shi ba. Ɗan yayana na. Matar shi ta tahi. Tashi ka ba ni wuri."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Na tafi gidan Namadi. Yana kwance a zaure a gefe ɗaya, ƙafa ɗaya a kan buhu. Gidan shiru, murhu ba wuta. Na zauna na rasa ta inda zan fara, ni da ban taɓa rasa magana ba.

"Ni na hwaɗa," na ce.

"Na sani."

"Babu wata Badendiya."

"Ai na sani, Ɗanliti."

"To mi ka damunka?"

Ya ɗauki lokacin da za a iya zuwa Kaoje a dawo. Yana kallon bango ya faɗa mini, guntu-guntu: karatun malam, reza, kofin gilashi, fetur. Da ya zo kan fetur dariya ta taso mini, na ji ta har a hanci. Sai na dubi ƙofar ɗakin Ni'ima a rufe, dariyar ta koma inda ta fito.

"Mi ya hana ka hwaɗa mata?"

"Da wane baki?"

"Matarka ta hwa."

"Shi ya sa," in ji shi.

Kwana biyu bayan haka saƙo ya zo daga Matsinkai. Malami ya ce Namadi ya zo ranar Alhamis da safe. Ko ya zo da bayani, ko ya zo da takardar sakin ɗiyarsa, don ba zai mayar da ita gidan da ke da cuta ba.

Ni na tuƙa. Namadi ya zauna a baya a karkace, ƙafafu biyu a gefe ɗaya, yadda tsofaffin mata ke zama. A babur ɗinsa, a kan hanyar da kowa ya san shi. Duk wanda muka wuce sai ya juyo.

Malami yana zaune a ƙofar gida a kan buzu, zabirarsa a gefe, yana wasa aska. Namadi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya yi ƙoƙarin durƙusawa, abin ya gagara, ya tsaya a rabi kamar raƙumin da ya fasa kwanciya. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa yana kallon ƙasa. Da aka gama, na ga Namadi ba zai iya ba, sai na karɓa.

"Baba, ni na ƙirƙiro zancen. Babu mace. Ƙurji na ya hito mai, wurin aski."

Malami ya dube ni sama da ƙasa. "Kai na Ɗanliti? Wanda ya ce ya ga kihi ga gulbin Kwara ya haɗiye jaki da mangala?"

"Ni na, Baba."

"To ka gani. Ran nan ka ce akwai mace, yau ka ce babu. Wacce zan ɗauka? Mai yiwuwa yau ɗin na kaka ƙarya, don ka hidda ɗan'uwanka."

Duk shekarun da na yi ina ƙara wa zance, ranar aka kawo mini sakamakon, kuma a kan wani ya faɗa.

Dattijon ya ajiye askar. Ya yi magana yana kallon bishiyar da ke gefe, ba ya kallon surukinsa. "Shekara arba'in ina wagga sana'a. In na gani, na san ciwon aski, na san na yawo. Amma ba ni buɗe mijin ɗiyata. Ba a yi ba, ba a hwara daga kaina." Ya juyo gare ni. "Kai kana da ido?"

"Ina da, Baba."

"To yau za mu ga ko suna da amfani."

A gefen zaurensa akwai wani ɗan kewaye na zana inda yake yi wa mutane ƙaho. Ya ce mu shiga. Shi kuma ya jawo buzunsa ya zauna a waje, ya ba zanar baya.

"Abin da idonka ya gani za ka hwaɗi," in ji shi. "In ka ƙara ko ƙwayar gero, ina ganewa, kuma daga nan zance ya ƙare."

Namadi ya kwanta a tabarma ya ja rigarsa ya rufe fuska. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban san inda zan sa idona ba. Mun yi wanka tare a gulbi muna yara, amma wannan daban.

"Ina yake? Ga hwata inda gashi ka tsira, ko ga jikin abin?"

"Ga hwata, Baba. Can gehe, wajen cinya."

"Girma nai?"

Bakina ya buɗe da kansa zai ce goruba. Na ji kalmar a kan harshe. Na haɗiye ta, na sake dubawa.

"Kamar goro. Ƙaramin goro."

"Akwai wasu kewaye da shi?"

"Akwai ƙanana da yawa, kamar ƙwayar dawa."

"Duba tsakiyarsu. Mi ka gani?"

"Baƙin ɗigo. Wasu kamar zare ya lanƙwashe ciki."

"Uhm. Tambaye shi, in shina hitsari, akwai zahi? Akwai abin da ka hita?"

Namadi yana jin tambayar sarai, tazarar taku biyu ce tsakaninsu. Amma sai da na sunkuya na maimaita masa, ya raɗa mini a kunne ta cikin riga, na ɗago na ce, "Ya ce babu, Baba." Haka muka yi ta yi. Zazzaɓi? Babu. Jan ya bazu zuwa ciki ko cinya? Bai bazu ba. Da me yake aski? Na faɗa. Sau nawa? Na faɗa. Me yake shafawa?

"Hetur, Baba."

Na ji dattijon ya yi gyaran murya sau biyu, irin na wanda ke danne dariya.

Ya ɗaga murya ya ce a kawo ruwan zafi da gishiri da tsumma mai tsabta. Ba a jima ba na ji takun mace, aka ajiye kwano a bakin zana. Na ga ƙafar ta ƙasa, da lalle. Namadi ma ya ji takun, ya san shi, ya ƙara cusa kai cikin riga. Takun bai koma cikin gida ba. Ya tsaya nan kusa.

Malami ya ce in jiƙa tsumma in matse in ɗora, in ya huce in sake. "Kada ka matsa ƙurjin. Matsa shi ka tura ƙazanta ciki. Bari ruwa ya yi aiki nai." Na yi ta gasawa har hannuna ya yi ja. Can sai bakin ƙurjin ya buɗe da kansa, mugunya ta fito. Namadi ya saki wani dogon numfashi. Na goge, na faɗa wa dattijon. Sai ga hantsaki an turo ta ƙarƙashin zana, cikin wani kwanon ruwan zafi.

"Kana ganin wani baƙin abu?"

"Ina gani. Kamar ƙulli."

"In ya hito hili, kama shi a hankali. In bai hito ba, kada ka tona."

Ya fito fili. Na kama, na ja a hankali, sai ga shi yana warwarewa, silin gashi ɗaya, a nannaɗe kamar igiyar guga. Na ɗora a kan ganye na tura ta ƙarƙashin zana.

Malami ya ɗauki ganyen ya duba. Sannan ya ce, da ƙarfi yadda wadda ke tsaye za ta ji, "Ɗanliti, ga Badendiyar taka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta bayan zana na ji wata ƙaramar dariya ta kuɓuce wa mace, ta haɗu da kuka, sannan takun ya yi cikin gida da sauri.

Da muka fito, Namadi ya tsaya can nesa yana kallon yatsun ƙafarsa. Malami bai dube shi ba. Ni ya sa a gaba, kamar ni ne mai ciwon.

"Kai Ɗanliti, tunda ba ka iya aski ba, buɗe kunnenka. Wurin ga ka bar shi ya huta, kada reza ta kusance shi sai ya warke sarai. Gasa shi da ruwan ɗumi sahe da marece. Jan kahson nan ka zubar. In ka ga zazzaɓi, ko ja ya hwara bazuwa, ko kwana ukku bai sauka ba, asibiti za ka, ba ni ba, kuma ba ƙetare ba. Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"In ka warke, ba kullum aka yi ba. Mako biyu, ukku, ya isa. Ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu ya yi taushi. Sabuwar reza. Ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka tada shi, kada ka yi ta maimaita wuri guda. Wanda anka kankare ƙwarai shi ka komawa ciki ya nannaɗe. In hwatarka ba ta son reza, almakashi ya wadatar, ka rage shi ƙasa-ƙasa. Ka ɗauraye, ka tsane, ka shahwa man kaɗe. Wando mai walawa. Hetur kuwa na babur na." Ya ɗauki askarsa ya ci gaba da wasawa. "Kuma Ɗanliti, ka riƙa duba abin da kaka yi. Jikinka na, ba na maƙwabci ba."

"To, Baba," na ce. Namadi daga can ya gyaɗa kai a madadina.

Ni'ima ba ta biyo mu ranar ba. Ta ce sai wanda ya ɓata sunan mijinta a teburin shayi ya koma teburin ya gyara. Washegari na je wurin Sufyan, na tsaya a tsaye, na ce babu Badendiya, babu kunu, babu ɗaki kusa da tasha, ni na ƙirƙira. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya matso. Wanda ya rantse ya sha kunun ya mayar da hankali kan burodinsa. Sufyan ya ce, "To mi ya same shi?" Na ce maruru ne, surukinsa ya tabbatar. Ban ƙara komai ba, kuma ban taɓa jin labari ya yi mini nauyi a baki kamar wannan gajeren ba.

Ranar Asabar ta dawo. Namadi ya kwashe shimfiɗa daga zaure. Uwata ta ce tun daga lokacin, duk bayan mako biyu sai a ga sabuwar reza da guntun sabulu a kan katangar bayi. Ba wanda ya ce ya ajiye, ba wanda ya ce ya ɗauka.

Ba komai ne ya koma daidai ba. Wasu daga cikin matan man ja sun dawo, wasu har yau mazajensu ba su yarda ba, don ƙaryar ta tsallaka iyaka, gyaran kuwa ko Kaoje bai kai ba. Namadi yanzu in zai je Matsinkai, a bakin gari yake kashe babur ya tura shi da hannu. Shi da Malami ba su taɓa tayar da zancen ba, kuma na san ba za su tayar ba. Ni kuma na gwada kiransa bawana sau ɗaya bayan abin, ya yi murmushin nan nasa ya sunkuyar da kai kamar kullum, sai na ji kalmar ta yi mini ɗaci. Ban sake ba tukuna.

Ni'ima ce ta ce in rubuta, tunda bakina ya kai zancen inda ƙafata ba za ta kai ba. Na tambayi Namadi. Ya kalli bango, sannan ya ce in rubuta, amma kada a karanta a inda yake.

Saura tsawon gashin. Mutum uku sun tambaye ni, kuma kowane lokaci sai na ji hannuwana suna son buɗewa. Na auna shi a kan ganyen kafin in tura wa Malami. Gaɓar yatsa biyu ne, da kaɗan bai cika ba.